Mangwaro da Yaji a Gangare

Kwana goma sha ɗaya da sallamo Baba daga asibiti,
amma bakinsa bai biyo shi gida ba.
Tuwo, ya ce ƙasa. Shayi, ya ce ruwan wanki.
Romon kazar da Inna ta tsaya a kansa tun hantsi,
kurɓa ɗaya ya yi, ya ba bango fuska.

Na saɓi jaka, na nufi Farin Gada.
Ruwan fari bai jima da ɗaukewa ba,
taɓo na riƙe silifas kamar mai bin bashi.
Kaneng na nan ƙarƙashin lemarta, kwando kan kwando.
Na ce, ba ni wanda bai gama shawara ba,
rabi kore, rabi ya fara jin kunya.
Ta latsa da babban yatsa, ta sunsuna,
ta ware huɗu, da abarba ƙarama mai tsayayyen tukku,
ta jefo goba biyu gyara.
"Ki gai da tsoho," in ji ta.

Wannan girki ba ya son murhu,
ba ya jiran tukunya ta tafasa.
Ruwa a roba, wuƙa, da farantin nan mai ɓallin baki.
Na fere, ɓawo na sauka zare-zare,
danƙo na kama yatsa.
Na yanka siri-siri har wuƙa ta yi karo da ƙwallo.
Abarba na ƙwaƙule mata idanu ɗaya bayan ɗaya.
Goba gida huɗu, 'ya'yanta a fili.

Sai yaji, inda rigimar take.
Inna ta ce, barkono kaɗan, marar lafiya ne.
Na ce to.
Da ta juya, na ƙara.
Ƙuli-ƙuli a ƙaramin turmi, busasshiyar citta,
masoro ƙwaya uku,
gishiri iya abin da yatsu biyu suka tsinto,
don likita ya ja kunne, ban manta ba.
Na barbaɗa daga sama, ja ya sauka kan rawaya,
na matse rabin lemon tsami har ya bar hawaye.
Atishawa biyu na yi,
kyanwa ta bar ɗakin.

Baba na zaune a rana cikin rigar sanyi biyu.
Hannuwan da suka wanke kuza shekara talatin
na kwance kan gwiwa kamar na aro.
Na ajiye farantin, ban ce uffan ba.
Ya duba. Ya daɗe yana dubawa.
Ya ɗauki yanki guda, mafi ƙanƙanta.

Tsami ne ya fara isa, ido ɗaya ya rufe.
Gishiri ya biyo sawu.
Barkono, da yake dattijo ne, bai yi gaggawa ba,
sai da aka haɗiye sannan ya yi sallama.
Baba ya ja iska ta haƙora,
ƙwalla ta gangaro ta ɓace a gemu.
"Ladidi, kashe ni za ki yi?"
Hannunsa kuwa tuni ya koma faranti.

A yanki na biyar magana ta ɓalle:
wata bishiya bayan barikin Bukuru,
shi da Davou, cikin gajeren wando,
yajin mai tsire ƙunshe a takardar siminti,
da maigadi mai sanda wanda bai iya gudu ba.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ban taɓa jin labarin ba.
Inna ma, na ga alama, ba ta taɓa ji ba.

Ta miƙo hannu ta ɗanɗana,
ta dube ni, dogon kallo.
Na duƙa ina tattara ɓawo.

Faranti ya koma fari, sai jan ruwa a gefe.
Baba ya dangwala yatsa, ya lasa,
ya gyara hula, ya dubi dutsen bayan gida.
"Citta ta yi yawa," ya ce.
"Gobe ki rage."

Gobe, ya ce.
Na kai wuƙar wajen wanki ina maimaitawa.